Faransancin Zinariya

"Sake faɗa," Zinariya ta ce. "Kuma ka daina kallon ƙasa, ba ita za ta tambaye ka ba."

Muntaka ya ɗago kai. Tana zaune a gefen tabarma a zauren gidan baffanta, ta kifa tsohuwar malfar gona a kan ɗankwalinta, ta haɗe gira, wai ita ce Bafaranshen da zai gwada shi gobe. Da can wannan shigar takan sa shi dariya har ya riƙe ciki. Yau kuwa ko murmushi bai yi ba.

"Koma ti tapel?" ta tambaye shi da kakkausar murya.

Tambaya ce mai sauƙi, sunansa kawai ake nema. Ya amsa ta ba adadi a wannan zauren.

"Je... je ma... ma..."

Maganar ta maƙale. Ya ji harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, haɓarsa na rawa. Ya rufe ido ya sake gwadawa, abin ya ƙi.

Zinariya ta cire malfar ta ajiye a cinyarta.

"Ɗan Malam, jiya fa kamar ruwa kake zubo shi."

"Jiya da sauran lokaci," ya ce. "Yau kuwa gobe kawai nake gani."

Tun yana ƙarami Muntaka yake da i'ina. Ba kullum take kama shi ba. In yana cikin waɗanda ya saba da su, ko yana karatun Alƙur'ani, babu mai cewa yana da ita. Amma da zarar ya tsorata, ko aka zuba masa ido, shi ke nan, sai baki ya ƙi shi. Shi ne ɗan fari a wurin Malam Idirisu, malamin da rabin Dutse ke ɗaukar karatu a zaurensa. Kowa ya ɗauka shi zai gaji buzun mahaifinsa, shi ma haka ya ɗauka, har ranar da Zinariya ta dawo daga Damagaram.

Bazawara ce. An kai ta can tana amarya, mijinta kuku ne a gidan wani babban Bafaranshe. Ta yi shekaru a bayan barikinsu tana shiga tana fita, har yarensu ya zauna mata a baki. Da mijin ya rasu ta gama takaba, sai ta biyo ayari ta dawo gidan baffanta, Jaji, wanda ya riƙe ta tun tana marainiya. Muntaka ya gan ta, ita ma ta gan shi, magana ta yi nisa kafin manya su farga.

Da zancen ya isa kunnen Malam Idirisu bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi matar da ta ci ta sha a gidan Nasara, take yarensu kamar a ciki aka haife ta, ba za ta zauna masa a gida ba. In Muntaka ya nace, to ya nemi ɗakin da zai saka ta da gonar da zai ciyar da ita, don ba zai sami ko taku ɗaya a tasa ba.

Baffa Jaji kuma ya ce ba ya ƙin Muntaka, amma ba zai ba da 'ya ga wanda ko rumbu ba shi da shi ba. Ga Lado, madugun jakuna, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya, yana ta aiko da goro. Baffa bai tilasta ta ba. Ya dai ce mata damina ba za ta faɗi ta same ta a gidansa ba aure ba.

Ana cikin haka labari ya zo daga Kano. Tun da jirgin ƙasa ya iso birni gyaɗa ta yi daraja, kantunan Turawa suka bazama ƙauyuka nemanta. Wani kanti na Faransawa yana son ɗan ƙasa da zai yi musu tafinta, ya riƙa bin mai sayen gyaɗarsu kasuwa-kasuwa. Bafaranshen da kansa zai sauka a Kiyawa ranar kasuwa, ya gwada bakin duk mai so. Aikin da ɗaki, da albashi. Tun daga ranar Zinariya ta zama malamar Muntaka, kullum bayan la'asar, a wannan zauren, ƙofa a buɗe kowa na gani.

Gobe ce ranar kasuwar.

"Saurara," ta ce masa a hankali. "Kalmomin ba su gudu ba, suna nan. Tsoro ne ya zauna a kansu. Me ya fi ba ka tsoro?"

"Idanunsu. An ce kamar na mage."

"To kada ka kalle su. Ka kalli maɓallin rigarsa na sama, shi zai ɗauka shi kake kallo. Kafin ka buɗe baki ka fitar da numfashi tukuna, duka, kamar mai hura wuta. In ya yi sauri ka ce masa dusuma, wato ya bi a hankali. Ba laifi ba ne, su ma suna faɗa wa junansu."

"In ya daka min tsawa fa?"

"Tsawa ɗabi'arsu ce, ko ruwan sha za su nema sai sun yi ta. Mutane ne fa, Ɗan Malam. Na ga babbansu, wanda duk Damagaram ke rawar jiki in ya fito, yana birgima a gado yana kiran uwarsa saboda ciwon haƙori."

Muntaka ya yi ɗan murmushi, na farko tun zuwansa. Ta mayar da malfar kanta ta sake haɗe gira. Ya fitar da numfashi yadda ta ce, ya kafa ido a kan murjanin wuyanta.

"Bonjur, Mushe. Je mapel Muntaka."

"Ka gani?" ta ce, fuskarta ta washe.

Sai aka yi sallama a ƙofar zaure.

Lado ne, cikin shuɗiyar riga tana ƙyalli, da ƙunshin dabino a hannu. Ya tsaya ya dube su, ya dubi malfar, ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ashe makaranta na tarar. Sannunku da karatu." Ya juya ga Muntaka. "Malam Muntaka, me na ji ka kira shi? Mushe?"

"Haka suke ce wa babban mutum," Zinariya ta amsa, ba ta dube shi ba.

"To, Allah ya kyauta. Mu dai a nan mushe jan sa ake yi a kai bayan gari, ban taɓa ganin ɗan malami ya rusuna masa ba. Ko me ka ce, Malam?"

Muntaka yana da amsa, tana nan a kan harshensa. Ya buɗe baki.

"Ba... ba... ba..."

"Kada ka yi gaggawa," Lado ya ce cikin ladabi, ya gyara tsayuwa. "Ina jira, ba inda za ni."

Ana haka Baffa Jaji ya fito daga cikin gida, ya ja Lado za su fita gindin ceɗiya. A bakin ƙofa Lado ya waiwayo.

"Ni ma gobe Kiyawa na nufa. In kana so ka hau jaki ɗaya, kada gajiya ta haɗu da baki."



"Kin gani," Muntaka ya ce bayan sun fita. "Lado ne fa wannan, wanda na sani tun ina yaro. Ina ga Bature, ga kuma jama'ar kasuwa?"

"Ba ɗaya ba ne."

"Zinariya, bari in gaya miki gaskiya. In na kasa gobe, ki karɓi goronsa. Yana da gida, yana da rumbuna, ba mai nuna ki da baki a gidansa. Ni me nake da shi? Ko sunana ba na iya faɗa."

Hawayen da take ta riƙewa suka zubo.

"Haka za ka ce min? Ni da na zauna da kai tun farkon kaka, mata na zunɗe na a bakin rijiya, wai 'yar bariki ta kama ɗan malami tana koya masa kafirci? Ka taɓa jin na kawo maka ƙorafi? Na binne miji a garin da ba ni da kowa, na dawo na ce ni da aure har abada. Kai ka zo ka canza min magana. Yanzu kuma kai ne za ka miƙa ni ga wani kamar tunkiya?"

"Ki yi haƙuri."

"Ba haƙuri nake so ka ba ni ba. Ka je ka buɗe baki ka yi magana, iyakar abin da nake roƙo ke nan."

Ya so ya gaya mata abin da ya fi ci masa rai. Duk wanda zai shiga gaban alƙali ko hakimi a garin nan, wurin mahaifinsa yake zuwa a yi masa rubutu ya sha don ya sami ƙarfin zuciya. Shi kaɗai ne ba shi da bakin roƙa. Bai faɗa ba. Ya sa takalmansa ya fita.

* * *

Bayan sallar magariba Zinariya tana kwashe tuwo aka ce tana da baƙuwa. Ta shiga ɗaki ta tarar da wata dattijuwa a lulluɓe, zaune a ƙasa, ta ƙi hawa tabarma. Da matar ta yaye lulluɓin, sai Zinariya ta gane ta. Inna Gaji ce, mahaifiyar Muntaka, wadda ko biki ba ta cika fita ba.

Zinariya ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"'Yar nan, ban zo da faɗa ba. Roƙo na zo yi."

"Inna, ai ni ce mai roƙo a wurinki."

"Malam ya ji maganar Kiyawa yau." Ba ta ambaci sunan ɗanta ba, don ɗan fari ne. "Maganar aurenku ya yi fushi, amma fushin da ake lallashi ne, ina ta bin sa a hankali. Wannan kuwa rantsuwa ya yi, da Alƙur'ani a hannunsa. Ya ce ranar da yaron nan ya karɓi aikin Nasara, ba shi ba shi. Zai faɗa a masallaci ranar Juma'a kowa ya ji. Ya ce ko gawarsa kada ya zo kanta."



"Tun ina yarinya nake zaune da Malam," Inna ta ci gaba, "ban taɓa ganin ya rantse ya janye ba."

"Inna, ba don son Turawa yake yi ba. Ɗaki yake nema da abin da za mu ci. Da Malam zai ba shi ko 'yar gonar nan ta bayan dutse, wallahi ni zan fara hana shi."

"Na sani. Na roƙa, ya ƙi." Inna ta matso ta kama hannayenta biyu. "Ke ma kin san maraici. Kina so ya zama maraya ubansa na raye? Wace albarka za ku gani a auren da aka ɗaura a kan bakin uba? Yau yana son ki, ba zai gani ba. Wata rana Malam zai kwanta ciwo, ya zo dubiya a hana shi shiga, ya koma gida ya dube ki. Me kike tsammani zai gani a fuskarki?"

Zinariya ta sa gefen zaninta a baki tana danne kuka.

"Zan gaya masa kada ya je," ta ce da kyar.

"Ba zai ji ba, muddin yana sa ran samun ki. Na san abin da na haifa." Inna ta sunkuya har goshinta ya taɓa gwiwar Zinariya. "Ki cire masa ran, 'yar nan. Ban ce kina da aibu ba. Da ni ce mai zaɓe, da ke zan zaɓa masa. Amma ki bar min ɗana."

"Inna, don Allah ki tashi, kada ki sa ni a zunubi."

Suka riƙe juna suna kuka. Tuwon da ta kwashe ya huce a akushi, babu wanda ya taɓa shi.

* * *

Da gari ya waye Muntaka ya kama hanyar Kiyawa a ƙafa, bai karɓi jakin Lado ba. A bakin rijiyar da ke ƙarƙashin duwatsu ya hango Zinariya tsaye da tulu, idanunta sun kumbura.

Ta gaya masa zuwan Inna da rantsuwar Malam, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ta gama.

"Na sani," ya ce. "Ya faɗa min da bakinsa bayan sallar asuba."

"Kuma ka fito?"

"Na fito."

"Ɗan Malam, ka koma. Ni na koya maka, ni kuma nake roƙon ka ka manta da shi. Ba zan iya zama sanadin da uba zai sallama ɗansa ba."

"Jiya cewa kika yi in je in buɗe baki."

"Jiya ban san abin da na sani yau ba."

"Zai huce, Zinariya. In ya ga na riƙe ki da mutunci, ina sallata ina azumina, wata rana zai sauko. Amma in damina ta faɗi aka kai ki gidan Lado, wannan ba ya gyaruwa." Abin mamaki, ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba.

"In ka wuce rijiyar nan," ta ce, "ba za ka dawo ka same ni yadda ka bar ni ba."

Ya ɗauka tsoro ne ke magana a bakinta. Ya ce ta yi masa addu'a, ya wuce. Ta bi shi da kallo har itatuwan dabino suka rufe shi. Sannan ta bar tulun a nan ba ruwa, ta nufi gida wurin baffanta.

* * *

Duk tsawon hanya Muntaka bita yake yi. Ya gai da kuka da Faransanci, ya gaya wa garken tumaki sunansa da garinsu, komai na fita sumul. Amma da ya fara jiyo hayaniyar kasuwa sai tsoron ya dawo masa. Furar da ya saya a bakin gari ya kasa sha, ya ba wani makaho.

Rana ta take lokacin da aka kira masu neman aiki. Bafaranshen yana zaune a kan wata kujera mai naɗewa a gindin tsamiya, zafi ya mayar da shi ja wur. 'Yan kasuwa har sun raɗa masa suna Mai Tabarau. Kusa da shi ga tsohon tafintansa, wani Badamagare mai yawan tari, wanda tsufa ya sa zai koma gida. Jama'a sun kewaye wurin kamar ana dambe. Muntaka ya hango Lado a sahun gaba.

Wanda aka fara kira tsohon soja ne. Ya ƙame, ya zubo duk abin da ya sani, ashe zagi ne da umarnin fareti. Mai Tabarau ya kore shi da hannu. Na bayansa ma bai daɗe ba.

Aka nuna Muntaka.

Ƙafafunsa suka kai shi ba da saninsa ba. Ya manta da abin da aka gaya masa, ya kalli idanun. Baturen ya jefo magana da sauri, kalmomin a manne da juna, ba kamar yadda Zinariya ke rarrabe masa su ba. Ko ɗaya bai kama ba.

"Bon... bon... bon..."

"Wannan ai ganga yake kaɗawa," wani ya ce daga baya. Wurin ya kaure da dariya.

Baturen ya ɗaga hannu zai sallame shi, har ya juya ga tafinta yana neman na gaba.

Muntaka ya ji komai ya ƙare, kuma da jin haka sai wata irin natsuwa ta sauko masa. Ya riga ya saɓa wa mahaifinsa a kan wannan tsayuwar, me ya rage da dariya za ta ƙwace masa? Ya karanta addu'ar Annabi Musa a zuci, wadda ya roƙi Allah ya kwance masa ƙullin harshe. Ya fitar da numfashi duka. Ya sauke ido kan maɓallin rigar.

"Dusuma, Mushe. Sil vu ple." Wato a hankali, don Allah.

Hannun ya tsaya a sama. Mai Tabarau ya zare tabarau ɗinsa ya dube shi da kyau, sannan ya maimaita tambayar a hankali, kalma bayan kalma.

Sunansa ake nema. Ya faɗa. Garinsu. Ya faɗa. Aka nuna masa buhunan gyaɗa ya ƙirga. Aka kira wani manomi, aka ce ya gaya masa gyaɗarsa da ƙasa a ciki, ya kuma mayar wa Bature da amsar manomin. I'inar ta kama shi a tsakiya. Ya dakata, ya yi numfashi, ya ɗora daga inda ya tsaya. Dariyar jama'a ta mutu.

Daga ƙarshe Baturen ya jingina da kujera ya ce, "Purkuwa?" Wato me ya sa yake son aikin.

Wannan ba ta cikin abin da suka yi bita. Muntaka ya lalubo 'yan kalmomin da yake da su.

"Pur in fam, Mushe." Saboda wata mace.

Mai Tabarau ya yi dariya har da buga cinya. "Se biyan," ya ce, wato ya yi kyau, ya gyaɗa wa tafinta kai.

Tsohon tafintan ya yi wa Muntaka bayani da Hausa. An ɗauke shi. Bayan Juma'a ayari zai tashi zuwa Kano, akwai ɗaki a bayan kanti, in yana da iyali ya taho da su. Aka miƙo masa rigar aiki ta kaki a ninke, ya karɓa da hannu biyu a gaban kowa. Da ya waiwaya, Lado ba ya wurin.

Aka riƙe shi awon gyaɗa har rana ta faɗi, dole ya kwana a Kiyawa.

* * *

Washegari da hantsi ya shigo Dutse, ƙafafunsa futu-futu, rigar a hammatarsa. Bai bi ta gida ba. Tun daga nesa ya hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan Baffa Jaji, dattawa na tashi, kowa da goro a hannu. Da suka gan shi suka kau da kai.

Baffa Jaji ya tare shi a gindin ceɗiya.

"Muntaka, ka yi haƙuri. Ban matsa mata ba, Allah ne shaida. Ita ta same ni jiya da safe ta ce in kira liman. A gabansa ta ce ta amince da Lado. Yanzun nan aka sa rana."

Muntaka ya wuce shi ya shiga zauren, Baffa bai hana shi ba. Ba a daɗe ba Zinariya ta fito, ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida, ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Na ci, Zinariya," ya ce. "Ya ɗauke ni. Da ɗaki. Ya ce in taho da iyalina."

"Na ji. Lado ya kawo labarin tun jiya, duk gari ya ji." Hawaye na bin kumatunta. "An ce ka yi magana har kasuwa ta yi tsit. Na san za ka iya. Wallahi na sani."

"To me ya sa?"

"Don na san za ka iya, shi ya sa. Na ce in ka dawo ka tarar babu ni, aikin ba shi da sauran amfani a wurinka. Sai ka mayar musu da abinsu, ka koma wa Malam."

"Ki ce kin fasa. Ke ba yarinya ba ce, ba mai tilasta ki."

"A gaban liman na faɗa, Baffa ya raba goro. In na janye, da wane ido zai shiga masallaci? Shi ya riƙe ni lokacin da ba ni da kowa." Ta share fuska, wasu hawayen suka biyo. "Kuma ko na janye, Inna fa? Goshinta ta sa a gwiwata, Ɗan Malam. Matar da ta haife ka."

"Ni kuma fa? Ni ba ki ji tausayina ba?"

"Da ban ji ba da ban yi ba."

"Kina son sa?"

"Kada ka tambaye ni abin da ka sani."

Ya jingina da bango. Tun daga Kiyawa yake tsara yadda zai ba ta labarin, yadda zai kwaikwayi dariyar Mai Tabarau ita ma ta yi dariya. Yanzu duk ya rasa inda zai ajiye shi.

"Juma'a ba ta yi ba tukuna," ta ce cikin shessheƙa. "Ka tafi yanzu, ka ajiye wannan rigar a gabansa, ka kama ƙafarsa. In ya yafe maka, to ban yi asarar banza ba. Ka bar ni da wannan kaɗai, don Allah."

Ta juya ta shige da sauri. Yana jin kukanta har tsakar gida.

* * *

Zauren Malam Idirisu cike yake da manyan ɗalibai, ana karatun fiƙihu. Muntaka ya cire takalmi ya yi sallama. Aka amsa ƙasa-ƙasa, ban da Malam. A gefen ƙofa ya ga ƙunshi ɗaure da tsohon zanen Inna, an ɗora allonsa a kai. Kayansa ne.

Ya durƙusa, ya ajiye rigar kakin a ƙasa gaban buzun mahaifinsa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, na zo ne in..."

Malam Idirisu ya ƙarasa layin da yake fassarawa, ya sa yatsa a inda ya tsaya. Sannan ya ɗago ya dube shi, irin kallon da ake yi wa matafiyin da ya ɓata hanya. Babu fushi a ciki, babu komai.

"Baƙo," ya ce, "wa kake nema a gidan nan?"

Daga can cikin gida wata murya ta fashe da kuka, aka yi saurin toshe ta. Ɗaliban duk suka sunkuyar da kai kan littattafansu. Muntaka ya jira ko mahaifinsa zai ƙara wata kalma. Malam ya mayar da idonsa kan takarda.

"Ba kowa, Malam," ya ce.

Ya ɗauki rigar, ya ɗauki ƙunshin, ya fita. A bayansa karatu ya ci gaba daga inda aka tsaya.